Hoton Giwa Ba Aikin Bature Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu na zango, daga Nima da Maamobi har Sabon Zango da Fadama, kuma ita ce ta hana ni yin shiru. Duk lokacin da aka ji wani yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya hau motar arewa zuwa gandun dajin Mole domin ya ɗauko hoton giwa, ko aka gan shi tsaye a bakin titi ya ɗaga waya sama yana bin tsuntsu, sai ka ji an ce, "Wannan ai aikin Bature ne." Wani ya ƙara da cewa ƙoshi ne ya yi wa yaron yawa. Wani ya ce a kai shi wurin malam a duba shi, wataƙila mutanen ɓoye sun shafe shi. A yi dariya, a kurɓi shayi a bes, an kashe magana ke nan. To ni a wurina ba ta mutu ba. Ina cikin waɗanda ake yi wa wannan dariya, domin ina ɗaukar hoton tsuntsaye da dabbobi ba tare da wani ya biya ni ko sisi ba, kuma a ganina duk faɗin Ghana babu al'ummar da wannan magana ta fi cuta kamar mu.

Tun da an ce aikin Bature ne, bari mu duba inda Baturen ya fi son kai kyamararsa idan ya sauka Ankara. Ba wurin giwa yake fara zuwa ba. Agbogbloshie yake nufa.

Tun daga 2008, lokacin da ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahotonta kan gubar da ke cikin ƙasar wurin, masu ɗaukar hoto suka yi ta kwarara bakin kogin Odaw kamar an buga musu gangi. Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya zo a 2009 da 2010, ya ɗauki samarinmu tsaye cikin baƙin hayaƙi, ya tara hotunan a littafin da ya kira Permanent Error. Mutumin nan kafin ya zo gare mu ya riga ya yi suna da hotunan gardawan kura na Najeriya, Hausawa 'yan uwanmu masu yawo da kura da gwaggon biri da mesa, a wani littafi da ya fito a 2007. Sunan littafin da Hausa shi ne "Kura da Sauran Mutane." A tsaya a ɗan juya wannan suna a baki. A 2013 wata cibiya ta Amurka mai suna Blacksmith Institute ta saka Agbogbloshie cikin wurare 10 da suka fi gurɓata a duniya, jeri ɗaya da Chernobyl. A 2018 wasu 'yan ƙasar Ostiriya biyu suka fitar da fim mai suna Welcome to Sodom, wato maraba da zuwa Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu. Ba su suka ƙirƙiri laƙabin ba, 'yan birni ne suka daɗe suna kiran unguwar da ke maƙwabtaka da kasuwar Saduma da Gwamrata, amma su suka ɗauke shi suka yi masa shela a duniya. Unguwar da akasarin mazaunanta ke alwala sau biyar a rana. Alhali tana da sunanta na yanka, kuma na Hausa ne tsantsa: Fadama.

Na sha tsayawa ina kallon yadda ake wannan ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya taɓa zuwa gandun daji zai gane tsarin nan take. Ana zuwa da sassafe ko da la'asar sakaliya saboda hasken ya fi kyau. Ana ɗaukar ɗan jagora wanda ya san inda "suke taruwa." Ana laɓewa daga nesa da dogon gilashin kyamara, ana jiran yaro ya ɗago kai daidai lokacin da hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Idan wutar ba ta yi baƙi yadda ake so ba, na ga an miƙa 'yan sidi an ce a ƙara taya. Mai gyaran kwamfuta da ke zaune cikin shagonsa taku kaɗan daga nan, wanda ke tayar da mataccen inji ya sayar wa ɗalibi, ba a kula shi. Maƙerin da ke narka gorar ruwa yana zuba tukwane, ba a kula shi. Ba su dace da labarin da aka zo nema ba. Wannan yawon kallon namun daji ne sak, sai dai mu ne namun.

Kada wani ya ce ina musun hayaƙin. Hayaƙi gaskiya ne, darmar da ke shiga jinin masu ƙona waya don ciro tagulla gaskiya ce, tarin da suke kwana yi gaskiya ne. Abin da nake ƙi shi ne a ce an san wuri alhali kusurwa ɗaya aka haska. An yi ta yayata cewa nan ce bolar kayan lantarki mafi girma a duniya, Turai ce ke juye mana shararta, amma rahoton da sakatariyar Yarjejeniyar Basel ta fitar a 2011 ya nuna cewa har kusan kashi 85 cikin 100 na irin wannan shara a ƙasashen yankinmu daga gidajenmu da ofisoshinmu take fitowa. Wa ya ji wannan? Hoto ya riga ya yi gaba, gyara kuwa a ƙasa yake tafiya. Ranar 1 ga Yuli, 2021, katafila ta shigo ta share filin 'yan kwandam, aka kwashe 'yan albasa, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne na Nijar masu kawo albasar Galmi, aka tura su Adjen Kotoku can bayan gari. Hukumar da ta yi rusau ba ta sha wahalar kare kanta ba, shekara 13 ana tara mata hujja a jaridun duniya. Hotunan suna rataye a gidajen nune-nune na Turai. Masu fuskokin kuwa sun watse, kowa ya nemi lungun da zai ci gaba da ƙona wayarsa.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa wannan da giwa? Abin da ya haɗa su shi ne hannun da ke riƙe da kyamara. Samarin da aka yi ta ɗauka a Agbogbloshie yawancinsu daga arewa suka zo, daga Tamale da Yendi da Savelugu da ƙauyukan da ke kewaye. Arewar nan ita ce ke da gandun daji mafi girma a ƙasar. Mole tana ƙasar Gwanja, wadda kakanninmu suka yi ta takowa daga Kano da Katsina da jakuna suna fataucin goro, suna yada zango a hanya, har kalmar zango ta zama sunan unguwanninmu. Da yaƙin basasar Salaga ya tashi a 1892 ne da yawa daga cikinsu suka gangaro kudu. Dajin da ayarinsu ya ratsa, da sunayen dabbobin da suka bar mana a karin magana, yau idan ka buɗe intanet ka nemi hotonsu, sunan baƙo za ka gani a ƙarƙashi. A kudu baƙo ya ɗauke mu, a arewa baƙo ya ɗauki dajinmu, mu kuma muna bes muna yi wa yaron da ya ce zai gwada dariya.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, bari in ɗan kwatanta masa, ko da yake gani ya kori ji. Daga Ankara za ka bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ka karya a mararrabar Fufulso ka nufi Damongo, daga nan sai Larabanga, garin da ke da tsohon masallacin ƙasa mai tsinkayen itace wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 aka gina shi. Ka yi nafila a ciki in an ba ka dama, domin ƙofar gandun tana gaba kaɗan. An keɓe dajin a 1958, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1971 bayan an tashi 'yan ƙauyukan da ke ciki. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, wato ya fi dukan yankin Babbar Ankara girma, da Tema da Ada da Dodowa duka a ciki. Masaukin baƙi yana kan wani tudu mai gangare, a ƙarƙashinsa akwai tafkuna. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, idan ruwa ya janye a sauran wurare, kana zaune a kan tudun nan za ka ga giwaye sun fito daga cikin itatuwa ɗaya bayan ɗaya, su shiga tafki su nutse har sai hanci kaɗai ya rage a sama, su fito baƙi ƙirin suna watsa wa bayansu ƙura. Mugun dawa yana durƙushe a kan gwiwa yana kiwo a bakin ɗakin kwananka kamar akuyar gida. Gwaggon biri kuwa, in ka bar ƙofa a buɗe, ya shiga ya yi maka binciken jaka.

Abin da ya bambanta Mole da yawancin gandaye shi ne ana shiga da ƙafa. Ma'aikacin gandu mai bindiga yana gaba kuna biye, ya nuna muku sawu, ya ce ku tsaya, ya ce ku ja da baya. A irin wannan tafiya za ka ga mariya garke-garke, da gwambaza a bakin ruwa, da mazo yana leƙe daga duhuwa. In kana da rabo ka shiga can ciki da mota, ka ga gwanki da kanki da ɓauna. Tsuntsaye sun haura iri 300. Akwai burtu, wanda yaran Nima suka sani a tatsuniya kawai, ko a labarin maharbin da ke ɗaura kansa a goshi yana rarrafe. Ranar da na fara ganin burtu biyu suna takawa cikin ƙonannen daji, baƙaƙe, masu tsayi kamar talo-talo, suna tafiya da ƙasaita kamar hakimai, sai na gane cewa rabin Hausar da na gada sunaye ne da ban san masu su ba. Muna cewa carki, muna cewa cilakowa, muna cewa gauraka da fakara. A tara samarin bes 20 a nuna musu hotuna, nawa za su haɗa suna da tsuntsu? Harshe ma yana mutuwa ta wannan hanya, kalma ta rage a baki amma babu hoto a zuciya.

Akwai dabba ɗaya da ba za ka gani ba, kuma labarinta ya isa hujja. Tsakanin 2006 da 2009 masu bincike sun girke kyamarorin tarko a sassan Mole, irin masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gitta. Sun kama kura, sun kama damisa, ba su kama zaki ko ɗaya ba, haka kyarkeci. A 2014 wani babban bincike ya nuna cewa zakokin da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki a Najeriya, Yankari da Kainji. Manyan dawa ya fice daga ƙasar Gwanja ba sallama, kuma ba mu da hoton na ƙarshe. A gefe guda, a dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 kimanin 50 suka rage, yau sun haura 600. Yadda ake ƙirga su shi ne a ɗauki hoton kowanne ɗaya, domin zanen jikin kowane raƙumin dawa daban yake da na ɗan uwansa, kamar zanen yatsa. Wanda ake ɗaukar hotonsa, ranar da ya ɓata za a sani. Wanda ba a ɗauka, sai bayan shekaru a waiwaya a ce, af, ina wane?

Ba sai an je Gwanja ba, mu waiwaya nan gida. Ina ungulu? Duk wanda ya haura shekara 40 a Nima ya san lokacin da take jere a kan rufin kwano, tana tsalle-tsalle a bayan mahauta, ranar layya kuwa har sai an kore ta da dutse. Yaushe rabonka da ganin guda 10 wuri ɗaya? A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu masu ƙarewa ta saka irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke dab da shuɗewa. Guba na kashe ta, masu tsibbu na sayen kanta, dogayen itatuwan da take sheƙa an sare. Tsuntsun da muka raina har muka sa shi a zagi yana ƙarewa a gaban idonmu, kuma idan wani ya tambaye mu nawa ne a Maamobi a 1990, nawa ne yau, ba mu da abin nunawa sai "da dai suna da yawa." Bature ba zai zauna Maamobi shekara 30 yana ƙirga mana ungulu ba. Mako biyu yake yi ya koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma irin wannan shaida sai mazauni.

Ga jemagun asibitin soja na 37, tafiyar ƙafa daga Nima. Dubban dubbai suna rataye a kan itatuwan bakin titi, da magariba su tashi su rufe sama. Masana daga Jamus da Ingila sun zo sun ɗaura musu na'ura, suka gano suna tafiyar gomman kilomita a dare ɗaya neman 'ya'yan itace, suna watsa iri a duk inda suka bi, wato suna shuka daji kyauta. Mu kuwa toshe hanci muke a cikin trotro. Wurin soja ne, don haka mai hankali zai tsaya daga nesa, ya ɗaga kyamararsa sama wajen jemagu, ba wajen ƙofa ba. Ga balbela da ke bin shanu har cikin tokar Agbogbloshie, fara tas a kan baƙar ƙasa. Ga tafkin Sakumo a hanyar Tema, wanda aka saka cikin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 1992, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, kuma gine-gine ke cinye shi kullum ta gefe. Korle ma da haka take, ana kamun kifi a cikinta, kafin ta zama abin da muke toshe wa hanci. Fadama ce ta gaske kafin ta zama sunan unguwa.

Na san hujjojin masu dariya, kuma ba dukansu ne na banza ba. Ta farko ita ce talauci: wanda bai ci ba ina shi ina hoton tsuntsu? Da na karɓi wannan hannu biyu, in da ban san mu ba. Wayar da ke aljihun matashin Nima a yau ta fi kyamarar da James Barnor ya buɗe shagonsa na Ever Young da ita a James Town a shekarun 1950 iya aiki, kuma da hotunansa duniya ke kallon Ghana ta lokacin samun 'yanci. A zamaninsa ma ai kyamara kayan Bature ce, da ya saurari irin maganarmu da ba mu san shi ba. Muna da kuɗin ɗinka anko kala uku a biki ɗaya. Muna da kuɗin hayar mai hoto da jirgi marar matuƙi ya bi amarya daga Maamobi zuwa Madina. Bayan kowace salla muna cika motoci mu tafi bakin teku da manyan lasifika. Kuɗin shiga gandun daji kuwa ɗan ƙasa ba ya biyan abin da baƙo ke biya, nasa ya yi ƙasa sosai, na ɗalibi ya fi sauƙi. Wanda Mole ta yi wa nisa, Shai Hills tana nan kimanin kilomita 50 daga Ankara, ya je da safe ya dawo ya yi la'asar a gida. Gaskiya ne waya ba za ta ɗauko maka idon shirwa daga nesa ba, sai ka haɗa da madubin hangen nesa ko ka nemi tsohuwar kyamara. To ina ake samun tsohuwar kyamara mai arha, a kuma gyara ta, in ba a hannun 'yan uwanmu na kwandam da masu gyara ba? Tawa daga can ta fito.

Hujja ta biyu ta addini ce, kuma ita ba na yi mata wasa. Malamai sun yi saɓani kan hoto, wasu sun tsananta, wasu sun bambanta tsakanin sassaƙa ko zanen hannu da hoton na'ura wanda kama inuwa ne kawai. Wanda ya bi masu tsanantawa har ya share hotonsa daga waya, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da wanda nake shi ne mai hoton Shehu Usman Nuhu Sharubutu a shagonsa da gilashin motarsa, mai canza hoton fuskarsa a WhatsApp duk Juma'a, wanda bai tuna da haramcin hoto ba sai da ya ga na giwa. Malam, wannan ba tsoron Allah ba ne, raini ne aka naɗa wa rawani. Littafin da muke karantawa yana da surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Jahiz ya rubuta Kitabul Hayawan tun ƙarni na 9, Damiri ya rubuta Hayatul Hayawan wanda ke cikin tarin littattafan manyan malamanmu. Su ba su ga zubar da girma a zama a lura da halin dabba ba. Mutumin da ya kwashe awa biyu shiru a bakin tafki yana jiran tsuntsu ya sauka, ya fi mai zaman gulma a bes kusa da tafakkuri.

Hujja ta uku ba a faɗinta da baki, amma ita ce ta gaskiya: muna ganin daji ƙauyanci ne. Iyayenmu sun baro shi, mu 'yan birni ne. Sai dai dajin bai bar mu ba, kullum yana shigowa Ankara a bayan tirela. Gawayin da ake dafa waake da tuwon zafi da shi a Nima, daga ina? Daga dazukan Kintampo da ƙasar Gwanja, har da kaɗanyar da mata ke ci da ita. Madobiya fa? Tun wajen 2012 aka yi ta sare ta a arewa ana lodawa zuwa Sin, an sha sanar da haramci ana karyawa, har wata ƙungiyar bincike ta ƙiyasta a 2019 cewa an kwashe kimanin itatuwa miliyan 6 daga Ghana. Motocin nan a gaban mutane suke wucewa, ta garuruwan da muke da dangi. Hoto ɗaya mai kwanan wata da sunan wuri ya fi korafin bes na shekara guda nauyi a gaban hukuma. Wanda ya saba ɗaukar burtu a wata fadama, shi zai fara lura ranar da fadamar ta koma fili.

Yanzu kuma in juyo kan namu masu zuwa, don kada su ɗauka na zo yi musu kirari. Wasu daga cikinmu in sun je gandun daji, gara ma da ba su je ba. An shigo da kiɗa, an shigo da ihu. Ma'aikaci ya ce a tsaya nan, sai wani ya zagaya ya matsa kusa da giwa ya juya mata baya don ya ɗauki fuskarsa da ita. Giwar Mole ta saba ganin mutane, amma sabo ba zumunci ba ne, kuma mai ɗa ba ta san wasa ba. A Shai Hills ana miƙa wa gwaggon biri biskit don ya matso a ɗauke shi, gobe ya fizge jakar wata baiwar Allah a ce biri ya yi ɓarna. A watsar da ledar ruwa a tafi. Wanda ya yi haka bai bambanta da mai ba da sidi a ƙara taya a wuta ba: shi ma bai zo ganin abin da ke wurin ba, ya zo tilasta wa wurin ya ba shi hoton da ya riga ya ƙudura. Mu da muka san zafin a mai da mutum abin kallo, bai kamata a koya mana ladabin kyamara ba. Ka tsaya inda aka ce, ka kashe walƙiyar kyamara, ka yi shiru, in dabba ta daina abin da take yi saboda kai to ka matso da yawa. In ka shiga Larabanga ko ƙauyen Mognori, ka nemi izini kafin ka ɗauki fuskar kowa, in da hali ka aika masa hotonsa.

Kuma abin yana yiwuwa, ba mafarki nake ba. A Najeriya, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar tun 2015, kuma masu sa kai ne ke ɗauke da shi. Akwai tawaga guda ta 'yan arewa, Arewa Atlas Team, samari da 'yan mata masu jin Hausa kamar mu, suna bin ƙauyuka da fadamu da waya a hannu suna rubuta abin da suka gani. Manhajoji irin su eBird da iNaturalist kyauta ne: ka ɗora hoton hankaka daga rufin gidanku na Maamobi, ya shiga rumbun da masanan duniya ke aiki da shi, da sunanka a jiki. Ni abin da nake ƙarawa shi ne sunan Hausa a ƙarƙashin kowane hoto, in ban sani ba in kai wa tsofaffin mahauta da dattawan da suka yi kiwo, sau da yawa kafin in gama buɗe hoton sun faɗa, har da kirarinsa.

Saura masu shirya mana yawon bayan salla. Bana ma na ga takardar tallan wata tafiya zuwa Mole tana yawo a waya: zaki a tsakiya ya buɗe baki, raƙumin dawa a dama, a hagu kuma damisar nan mai ratsi-ratsi ta ƙasar Indiya, wadda ba ta taɓa taka dajin Afirka ba. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da mai biyan kuɗin zai gani. An sauko da su daga intanet ne saboda duk ƙungiyar babu mai hoton Mole na kansa, alhali wannan ce tafiyarsu ta huɗu. Ku cire su. Ku sa mugun dawan da ya durƙusa a ƙofar ɗakinku bara, ko da hoton ya ɗan karkace.